Manaja da Akwatin Ƙarfensa

Lokacin da na dawo Tamale daga Kumasi da digirina na biyu, babu wanda ya gane abin da na karanta a gidanmu na Sabonjida. Mahaifiyata takan ce wa maƙwabta lantarki na karanta, su kuwa sai su aiko mini da fankar da ta ƙi juyawa ko dutsen guga da ya ƙone. Alhali aikin da na kammala karatu da shi a kan wani ɗan ƙarfe ne da ke cikin maikirowef, injin nan na ɗumama abinci. Sunan ƙarfen magnetiron. Bai wuce dunƙulen hannu ba, amma shi ne yake fitar da igiyoyin da ke sa tuwon jiya ya yi zafi ba tare da an hura wuta ba.

Ban taɓa ƙera ko ɗaya da hannuna ba. Kwatankwacinsa na gina a cikin kwamfuta da lissafi, yadda zan kunna shi in kashe, in kalli abin da ido ba zai taɓa gani a cikin na gaske ba. A kan allo za ka ga ƙwayoyin lantarki sun taso daga tsakiya a hargitse, kamar bakin kasuwa ranar jajiberin salla, sannan su daidaita kansu su kama juyawa tare kamar wayoyin tayar keke. A ɗan lokacin nan na hargitsi, kafin su daidaita, injin yana zubar da hayaniya. Ba hayaniyar da kunne ke ji ba, ta igiyar rediyo ce, kuma tana faɗawa daidai kan layin da waifai, wato intanet marar waya, ke bi. Sabon inji mai lafiyayyar ƙofa kaɗan yake zubarwa. Tsoho wanda ƙofarsa ta saki, idan yana kusa da rauta, wato ɗan akwatin da ke raba waifai, to duk wanda ke kan intanet sai ya ji a jikinsa. Wannan shi ne abin da na sani a duniya fiye da komai, kuma ban taɓa zaton zai yi mini amfani a Tamale ba.

Na daɗe ina zaune babu aiki. Daga baya mahaifiyata ta yi wa yayanta magana. Kawuna ɗan kasuwa ne, a kan kaɗanya da man kaɗe ya yi arzikinsa. Bai yi boko ba, amma mutum ne mai kai. Kuskurensa ɗaya ne a rayuwa, in dai ni za a tambaya: ya gina masaukin baƙi mai kyau a unguwar Vittin, ya ɗauka ya damƙa wa mijin babbar 'yarsa. Can ya tura ni, ya ce in je in riƙa taimaka musu da harkar kwamfuta kafin Allah ya kawo aiki.

Mijin 'yar tasa Manaja kowa ke ce masa, domin shi da bakinsa ya nemi a riƙa kiran sa haka. Har matarsa, idan akwai baƙi. Yana rataye da kati a wuya mai hotonsa, wanda shi ya buga wa kansa, a wurin da ma'aikata 'yan kaɗan ne kuma kowa ya san uwar kowa. Kwat yake sawa a tsakiyar zafin watan Maris, gumi na tsiyaya ta bayan wuyansa, amma ba zai cire ba. Ya taɓa zuwa Dubai sau ɗaya rakiyar wani, tun daga nan duk abin da ya gani a Tamale sai ya ce ba haka ake yi a Dubai ba. Ba ya iya gama magana da Hausa sai ya cusa Turanci, Turancin ma na allon talla. Idan ya zauna sai ya jera wayoyinsa a kan tebur, ya ɗora tarin makullai a gefe, sannan ya ɗago kai ya dube ka.

Ranar da na fara zuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To, Injiniya. An ce a kan ɗumama tuwo ka yi digiri biyu. Mu nan aiki muke yi.” Sai ya ba ni jerin abincin masaukin in buga masa a kwamfuta.

Don rage kashe gas, ya hana mai dafa abinci girki sau uku. Da safe za ta dafa komai, shinkafa da wake, dafa-duka, miyar ayoyo, naman zabo, a zuba a firji. Baƙo ya nemi abinci sai a ɗumama. Saboda haka ya sayo wasu tsofaffin maikirowef irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema, ya jera su a kan kanta a ɗakin cin abinci. Ɗaya daga ciki sai an danna ƙofarsa da hannu kafin ya tashi. A kan katakon da ke saman kantar, daidai bisa kawunansu, nan ya ajiye rauta, don a nan soket yake.

Baƙi suna ta ƙorafi. Galibinsu ma'aikatan ƙungiyoyi ne daga Accra, masu zama da laftof suna taro ta bidiyo. Lokacin karin safe waifai ya tsaya cak, lokacin abincin rana ya tsaya, da yamma ma haka. Ban jima a wurin ba na gane. Na tsaya da wayata a hannu, na roƙi mai dafa abinci ta kunna injin mai sakakkiyar ƙofa, bidiyon da nake kallo ya daskare. Ta kashe, ya ci gaba. Muka maimaita har ita kanta ta fara dariya. Na je ofis na gaya wa Manaja.

“Yaya, na gano abin da ke kashe waifai. Injinan ɗumama abincin nan ne. A matsar da rauta daga wurin, shi ke nan.”

Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, “Injiniya, abinci daban, intanet daban. Kowane otal a Dubai akwai maikirowef.”

Shi yana da nasa bayanin. Da farko kamfanin intanet ne ke cutar sa, ya kira su ya zazzage su, suka zo suka auna da hantsi lokacin da babu mai cin abinci, suka ce lafiya lau. Daga nan ya ce ma'aikata ne ke shanye waifai da kallon finafinai, ya sa kwando a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wayarsa idan ya zo aiki. Mai shara tana da jariri a gida wurin kakarsa, haka za ta yini ba ta san halin da yake ciki ba. Waifai bai fasa tsayawa ba. Sai ya waiwayi maƙwabta.

Bayan katangar masaukin akwai gidan wata tsohuwar malamar makaranta, 'yar ƙabilar Dagombawa, wadda ta yi ritaya tun kafin a san za a yi gine-gine a wannan ɓangaren. Mma kowa ke ce mata. Rabin manyan unguwar ta koyar da su karatu. Tana da mangwaro a jikin katangarmu, a ƙarƙashinsa take zama a kujerar roba, musamman da rana, tana magana da ɗanta da ke Turai ta waya. Manaja ya leƙa ta tagar bene ya gan ta, ya lura cewa lokacin zamanta da lokacin tsayawar waifai suna haɗuwa. Ai kuwa dole su haɗu, tunda lokacin cin abinci ne, ita ma a lokacin take hutawa. Shi dai ya gama bincikensa.

Ya zagaya gidanta da tsakar rana, da kwat ɗinsa da katinsa, ya sa ni da mai gadi muka bi shi wai mu zama shaidu. Ban san abin da zai yi ba sai da muka shiga. Ko sallama ta kirki bai yi ba. Akwai wasu mata biyu da suka zo gaishe ta, a gabansu ya ce, “Mma, girmanki ya wuce wannan. Intanet ɗin nan kuɗi muke sa masa. In kina so ki yi magana, ba sai an yi sata ba.”

Tsohuwar ta cire tabarau ta dube shi. Hausarta irin ta Dagombawa ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta ce, “Yaro, wanene ya haife ka?”

Ya ce ba wannan ya kawo shi ba.

Ta miƙa mini wayar ta ce, “Kai ɗana, duba. Ɗana ne yake sa mini data kowane wata. Ni ban san abin ku ba, ban san lambar ku ba.”

Na duba. Waifai ma a kashe yake a wayar, da alama ba a taɓa kunna shi ba. Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Manaja ya ce ai tana ganin shigowarmu ta kashe. Matar da sai an nuna mata inda za ta danna kafin ta ɗaga kiran bidiyo. Ya juya ya fita yana karkaɗa makullai. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta karɓi wayarta. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce wa matan nan wani abu da Dagbanci, ta ɗauki kujerarta ta shiga ɗaki. Daga ranar ta daina zama a ƙarƙashin mangwaron. Waifai kuwa ya ci gaba da tsayawa kamar kullum, shi kuma ya ce yanzu daga cikin ɗaki take ja.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar da Kawu ya zo duba masaukin, na ɗauko laftof ɗina na roƙi su zauna shi da Manaja in nuna musu wani abu. Na buɗe aikina na Kumasi. Na nuna musu ƙwayoyin lantarkin nan suna hargitsewa suna daidaitawa, na nuna musu zanen da ke ƙasa, inda hayaniyar injin ke tashi ta haye kan layin waifai ta rufe shi. Na ce wa Kawu kamar mutum biyu ne ke hira a hankali, sai wani ya tayar da injin niƙa a gefensu. Maganar tana nan, ji ne ba a yi.

Kawu ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana kallo. Manaja kuwa ya jingina da kujera yana murmushi. Ya ce, “Baba, katun ne fa. Irin wanda yara ke kallo. Shi ya zana abinsa, duk abin da yake so shi zai nuna.”

Kawu bai kula shi ba. Ya tambaye ni, “To ita wannan igiyar, me ke tare ta?”

Na ce, “Ƙarfe, Kawu. Shi ya sa aka yi jikin injin da ƙarfe, aka sa raga a gilashin ƙofar. Waɗannan sun tsufa ne, ƙofofinsu ba sa rufuwa da kyau.”

Na faɗi abin da ya kamata a yi: a mayar da rauta can baranda ta sama, nesa da ɗakin cin abinci, tunda layi biyu gare shi a juya shi zuwa ɗayan wanda injin ɗumama abinci ba ya taɓawa, a jefar da injin da ƙofarsa ta saki. Aikin da bai fi tsakanin azahar da la'asar ba. Kawu ya ce wa surukinsa a yi yadda yaron nan ya ce. Manaja ya ce za su duba a matakin gudanarwa. Shi kaɗai ne matakin gudanarwar.

A cikin duk bayanin da na yi, kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa: ƙarfe.

A makon nan aka kira ni ganawar neman aikin koyarwa a Bolgatanga, na yi 'yan kwanaki a can. Safiyar da na dawo masaukin, na tarar da motoci cike da harabar. Wata ƙungiya ce ta kama babban zauren don taron bita na manoman waken soya, kuma babban mai jawabinsu daga ƙasar waje zai yi magana ta bidiyo. Irin cinikin da Kawu ya gina zauren dominsa ke nan. Tun daga ƙofa na ji ana hayaniya. Na shiga ɗakin cin abinci, na ɗaga kai.

A inda rauta yake, akwati ne na ƙarfe, mai kauri kamar ƙofar shago. Manaja ya kira mai walda daga unguwar Tishigu ya ƙera masa, an rufe ko'ina ruf, sai ɗan ramin da waya ke shiga ta baya. An shafa masa koren fenti irin na masaukin, an maƙala masa babban kwaɗo. Rauta yana ciki. Injinan ɗumama abincin suna nan ƙasa inda suke, har da mai sakakkiyar ƙofar.

Mai dafa abinci ta raɗa mini cewa tun jiya da yamma da aka kulle shi babu waifai ko kaɗan, ko ana ɗumama abinci ko ba a yi. Ta ce Manaja ya tara su ya yi musu jawabi, wai da dabara ɗaya ya magance matsala biyu: hayaniyar maikirowef ba za ta shiga ba, tsohuwar bayan katanga kuma ba za ta ƙara sata ba. A nan dai ya yi gaskiya. Babu abin da zai shiga, babu kuma abin da zai fita.

Shugabar taron wata mata ce daga Accra, mai magana a natse amma kowace kalma tana da kaifi. Na same ta a bakin zauren tana tambayar Manaja ina waifai ɗin da aka yi musu alkawari. Manoma sun cika zauren, wasu tun asuba suka taso daga ƙauyukansu a kan babura, furojekta na haska farin allo babu komai a kai. Manaja yana hango ni fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwansa a tasha.

Ya ce mata, “Madam, ga injiniyanmu nan. Shi ya ba da shawarar ƙarfen. Digiri biyu gare shi.”

Na ce, “Yaya, ba ni makullin kwaɗon nan. Buɗewa kawai za a yi.”

Ya ce idan aka buɗe ai hayaniya za ta shiga, ba ni na ce ba? Na ce a buɗe, a kashe injinan har a gama taron. Ya ce ba zai bari a yi ta gwaje-gwaje a gaban baƙi ba, matsalar daga kamfanin intanet ne, kuma ya riga ya kira su. Makullin yana cikin tarin da ke hannunsa, ina ganin sa, sabo fil yana ƙyalli. Ya dunƙule hannun ya sa a aljihun kwat. Mutumin nan ya gwammace zaure cike da mutane su zauna suna kallon farin allo da a ga an buɗe akwatinsa waifai ya dawo.

A ƙarshe da wayata da ta shugabar taron muka haɗa laftof ɗinsu, mai jawabin ya fito yana yankewa yana dawowa. Washegari suka kwashe kayansu suka koma wani wurin a cikin gari, ba su ƙara dawowa ba. Manaja ya gaya wa Kawu a waya cewa ni na ɓata masa taro da shawarar ƙarfe, kuma na yi masa rashin kunya a gaban baƙi. Ni kuma na daina zuwa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Kawu ya zo gidanmu. Ya gaisa da ƙanwarsa, ya sha ruwa, sannan ya ce in raka shi zaure. Ya ce ya je ya ga akwatin da idonsa. Ya shafa gemu, sannan ya ce, “Ɗana, ni ban yi makaranta ba, amma na san wanda ya kulle fitila a cikin tukunya ba zai ga haske ba. Sai dai mijin 'yata ne, uban jikokina. Ranar Juma'a idan ya tafi masallaci, ka je ka yi abin da ka ce. Kada ka ce masa komai.”

Na ce zan yi, amma akwai tsohuwar da aka kira ɓarauniya a gaban mutane. Ashe bai sani ba, babu wanda ya gaya masa. Na ba shi labarin yadda aka yi. Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta canza haka ba. Ya ce Mma ita ta koyar da babbar 'yarsa a firamare, ita matar Manajan. Washegari da kansa ya je gidan Mma da goro da turmin atamfa, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Ta karɓe shi da mutunci, ta ce ba shi ya yi mata ba. Ya yi alkawarin zai turo surukinsa ya ba ta haƙuri. Manaja ya ce zai je idan ya sami sarari. Har yau bai samu ba.

Ranar Juma'a na yi sallata a wani masallacin kusa, na riga Manaja isa masaukin. Makullin yana wurinsa, don haka ban taɓa akwatin ba. Kawu ya riga ya ba ni abin da zan sayi sabon rauta, na ja waya zuwa barandar sama na kafa shi a can, na sa shi a layin da ya dace, na zare wayar da ke shiga akwatin. Ni da mai gadi muka ɗauke injin mai sakakkiyar ƙofa muka kai shi sito. Da Manaja ya dawo ya tarar waifai na gudu kamar ruwa, sai ya tsaya a gaban koren akwatinsa ya kira ma'aikata, ya ce su gani, dama ya san sai ƙarfen ya ɗan zauna kafin ya fara aiki. Ya san gaskiya, domin a kan hanyar ofis ɗinsa sabon rautar yake, kullum sai ya wuce ta ƙarƙashinsa. Bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi a gaban mutane ba.

Aikin Bolgatanga ya fito, na tafi. Yanzu ina koyar da matasa lantarki, kuma duk shekara sai na nuna musu wannan aikin nawa a allo. Su dai suna tambaya, kuma suna sauraron amsa har ƙarshe.

Da na zo gida hutu, aka yi sunan ɗan wani ɗan'uwanmu a Sabonjida. Muna zaune a rumfa bayan an yi addu'a, ana raba shinkafa a robobi, sai na ji muryar Manaja daga ɗaya gefen. Ya tara dattawa yana yi musu bayani. Ya ce a cikin kowane maikirowef akwai wani abu mai suna maganatoro, maganaɗisu ne babba, shi yake janyo intanet daga iska kamar yadda ake janyo ƙusa, ya cusa shi cikin abinci. Ya ce shi ya sa wanda ya cika cin ɗumamen inji yake yawan mantuwa. Ya ce bincike mai zurfi ya yi a kwamfuta kafin ya gano haka, kuma otal-otal da yawa suna neman ya je ya ƙera musu irin akwatinsa. Wani dattijo ya riƙe baki ya ce ikon Allah, shi ma 'yarsa ta kawo irin injin nan gida, zai sa a fitar da shi yau.

Manaja ya hango ni ya ɗaga murya. “Ga Injiniya nan, ku tambaye shi. Ba haka ba ne, ƙanena?”

Kawu yana zaune a kujerar gaba. Bai juyo ba, amma na ga ya daina jan carbinsa. Na rufe robar shinkafata, na matsa kusa da dattijon nan na ce masa kada ya fitar da injin 'yarsa, lafiyarsa lau, ya ci ɗumamensa hankali kwance. Sannan na nemi takalmana a cikin tarin da ke bakin tabarma, na je na yi wa mai jego barka.